Giya da Lafiyar Jiki: Abin da Ya Kamata Mai Kiwon Ikkilisiya Ya Sani

Gabatarwa

Da wuya mu yi hidima a wata ikkilisiya, ta birni ko ta ƙauye, ba mu tarar da gidan da giya ta taɓa ba. Wani lokaci matar aure ce za ta tsaya bayan sujada ta ce, "Baba Fasto, ku yi wa maigidana magana." Wani lokaci dattijo ne zai kawo ɗansa, ko kuwa mashayin da kansa ya zo da dare yana neman addu'a. Darussan tauhidi suna shirya mu mu amsa tambayar zunubi da tuba. Wannan darasi kuwa zai tsaya a kan jiki: abin da giya take yi wa gaɓoɓin mutum, yadda jiki yake sabawa da ita, da abin da kan faru in an daina.

Muna bukatar wannan sani domin sau da yawa mu ne mutanen farko da ake zuwa wurinsu, tun kafin a je wurin likita. Shawarar da muka bayar a wannan sa'a tana iya ceton rai, tana kuma iya jefa shi cikin haɗari ko da da kyakkyawar niyya muka bayar da ita.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024, ta ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, wato kashi 4.7 cikin 100 na dukan mace-macen duniya a wannan shekara. Miliyan 2 daga cikinsu maza ne. Kimanin mutum miliyan 400 suna fama da matsalar shan giya, miliyan 209 daga ciki jikinsu ya riga ya dogara da ita. In aka auna da yawan jama'a, Turai da Afirka ne suke kan gaba wajen waɗannan mace-mace.

Mene ne yake cikin giya?

Burukutu, fito, bammi, giyar kwalba, ruwan inabi mai tsami, ogogoro da barasar leda sun bambanta a launi da ɗanɗano da farashi, amma abin da yake bugarwa a cikinsu duka ɗaya ne, wato sinadarin da ake kira etanol. Yana samuwa ne sa'ad da yisti ya ci zaƙin da ke cikin dawa, gero, ruwan kwakwa ko 'ya'yan itace. In aka dafa abin da ya tsimu aka tara tururinsa, sai a sami barasa mai ƙarfi irin ogogoro.

Bambancin da ya shafi lafiya shi ne yawan etanol. Giyar kwalba tana da kimanin kashi 5 cikin 100, ruwan inabi kimanin kashi 12, barasa mai ƙarfi kuwa kimanin kashi 40. Burukutu da sauran giyar gida ƙarfinsu yana canzawa daga tukunya zuwa tukunya, kuma babu wanda yake aunawa.

Ma'aikatan lafiya suna ƙidaya giram 10 na etanol a matsayin awo ɗaya. Bari mu yi lissafi da abin da jama'armu suke saye. Babbar kwalba mai mililita 600, mai ƙarfin kashi 5, tana ɗauke da kusan giram 24, wato awo biyu da ɗoriya. Ƙaramar leda mai mililita 30 ta barasa mai kashi 40 tana ɗauke da kusan awo ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran shan giram 60 ko fiye a zama ɗaya sha mai yawa. Saboda haka wanda ya ce mana, "Kwalba uku kawai nake sha," ya riga ya wuce wannan iyaka. Haka ma wanda ya ce shi burukutu yake sha, abincin gargajiya ne, hantarsa ba ta san wannan bambanci ba.

Hanyar giya a cikin jiki

Giya ba ta jiran narkewa kamar tuwo. Kaɗan daga cikinta yana shiga jini tun daga tumbi, mafi yawa kuma daga ƙaramin hanji. Cikin 'yan mintoci ta kai ƙwaƙwalwa, kuma takan kai iyakar yawanta a jini tsakanin minti 30 zuwa 90. In babu abinci a ciki, shigarta ta fi sauri. Jikin mace yana da ƙarancin ruwa idan aka kwatanta da na namiji, don haka in sun sha daidai da juna, giyar ta fi yawa a jininta.

Hanta ce take aikin kawar da fiye da kashi 90 cikin 100 na giyar da aka sha. Da farko tana juya etanol ya zama wani sinadari mai guba da ake kira asetaldihaid, sa'an nan ta juya wannan ya zama abin da jiki zai iya ƙonawa. Wannan guba ta tsakiya ita ce tushen lahani mai yawa, kamar yadda za mu gani a gaba.

Hanta tana da saurinta, kimanin giram 7 zuwa 10 a awa ɗaya, kuma babu abin da yake ƙara mata sauri. Wanka da ruwan sanyi, shayi mai kauri, cin goro ko miya mai yaji za su iya wartsakar da ido, amma giyar tana nan cikin jini. Direban da ya fara sha da ƙarfe 7 na yamma ya shanye manyan kwalabe biyar ya zuba wa jikinsa kusan giram 120. Da ƙarfe 6 na safe, sa'ad da zai ɗauki fasinja ko ya kai 'yan zumuntar mata taro, hantarsa ba ta gama aiki ba tukuna.

Lahanin da yake zuwa nan take

Giya tana rage saurin aikin ƙwaƙwalwa. Abin da take fara kwantarwa shi ne sashen da yake auna magana da aiki, yake kuma tsawata wa mutum. Shi ya sa mai sha yake jin kamar ya sami ƙarfin hali, alhali birkinsa ne ya saki. In sha ya ci gaba, sai harshe ya yi nauyi, ido ya kasa auna nisa, ƙafa ta yi tangaɗi. Wasu sukan wayi gari ba su tuna abin da suka yi ba, domin ƙwaƙwalwa ta daina ajiye abin da yake faruwa na ɗan lokaci. A 2019 mutum dubu 724 ne suka mutu ta hanyar raunuka masu nasaba da giya, kamar haɗarin mota, faɗa da kisan kai.

In giyar ta yi yawa ƙwarai, tana kwantar da sashen da yake riƙe da numfashi. Mutumin da ba a iya tashe shi, numfashinsa yana ja da baya, jikinsa ya yi sanyi, ba barci yake yi ba, guba ce ta kama shi. Kada a bar shi shi kaɗai, kada a ɗura masa ruwa, manja ko madara, kada kuma a sa shi amai. A kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shiga huhu, a garzaya da shi asibiti. A lokacin hunturu a rufe shi da bargo, domin ɗumin da mai sha yake ji ruɗi ne: giya tana buɗe jijiyoyin jini na fata, zafin jiki yana fita waje.

Haɗarin yana ninkuwa in aka haɗa giya da tiramadol, maganin tari mai kodin, ko ƙwayoyin barci, domin dukansu suna danne numfashi. Mai ciwon suga kuma, musamman mai yin allurar insulin, giya tana iya sa sugan jininsa ya faɗi har ya suma, mutane su zaci buguwa ce kawai.

Akwai wani haɗari dabam a barasar da ake haɗawa a ɓoye, irin ogogoro da goskolo. Wani lokaci ana samun metanol a cikinta, sinadarin masana'antu wanda ɗan kaɗan nasa yake makantarwa ko ya kashe. A Afrilu 2015 aƙalla mutum 18 sun mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo, bayan 'yan makonni kuma gommai suka mutu a jihar Ribas, duka ta wannan hanya. Alamun sukan jinkirta awa 12 zuwa 24: ciwon kai, amai, ciwon ciki, haki, da gani dishi-dishi. Duk wanda ya sha irin wannan barasa ya ce idonsa yana hazo, a kai shi asibiti nan da nan, a kuma nemo waɗanda suka sha tare da shi.

Lahanin da yake zuwa sannu a hankali

Mafi yawan waɗanda giya take kashewa ba a kan hanya suke mutuwa ba. Daga cikin miliyan 2.6 da muka ambata, miliyan 1.6 cututtuka masu daɗewa ne suka kashe su. Wasunsu ba a taɓa ganinsu suna tangaɗi ba.

Hanta. Lalacewarta tana bin matakai uku. Na farko, kitse yana taruwa a cikinta. Wannan ba ya nuna alama, kuma yakan warke cikin makonni in aka daina sha. Na biyu, hanta ta kumbura, ido ya yi rawaya irin na ciwon shawara, ga zazzaɓi da ciwo a gefen dama na ciki. Na uku, tabo ya maye gurbin naman hanta, ta taurare ta ƙanƙance. A nan ne ciki yake cika da ruwa, ƙafafu su kumbura, mutum ya yi aman jini ko ya rikice. Tabon da ya riga ya kafu ba ya komawa, amma daina sha yana tsayar da ɓarnar, yana kuma ƙara wa mutum shekaru. A ƙasarmu akwai ƙarin dalilin damuwa: binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, da yawa kuma ba su sani ba. Giya a kan irin wannan hanta tana gaggauta taurarewa da ciwon daji.

Ya kamata mu lura da wani abu a nan. Sa'ad da cikin mutum ya kumbura ya rame, sau da yawa dangi sukan ce sammu ne ko an ba shi guba, sai a fara zargin matarsa, ɗan'uwansa ko wata tsohuwa. Fasto da ya san alamun ciwon hanta zai iya cewa a je a yi gwaji tukuna, ta haka ya hana gida rabuwa a kan zargin da ba shi da tushe.

Zuciya da jijiyoyin jini. Giya tana ɗaga hawan jini, hawan jini kuwa shi ne babban sanadin shanyewar ɓarin jiki. Tana rikita bugun zuciya, in kuma aka daɗe ana sha tana raunana tsokar zuciya har ta kasa tura jini, mutum ya riƙa haki yana kumburi. Mutum dubu 474 ne suka mutu ta wannan hanya a 2019.

Ciwon daji. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda take birnin Liyon na Faransa, ta sa giya cikin rukuni na ɗaya na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, rukuni ɗaya da taba. Gubar nan ta asetaldihaid tana lalata ƙwayoyin halittar jiki. An tabbatar da alaƙar giya da ciwon daji na baki, maƙogwaro, maƙoshi, bututun abinci, hanta, babban hanji, da nonon mata. Wanda ya haɗa giya da taba haɗarinsa na dajin baki da maƙogwaro ya fi na mai ɗaya kaɗai nesa ba kusa ba. Saboda wannan ne a Janairu 2023 ofishin hukumar na Turai ya bayyana cewa ba a san wani awo na giya da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya ba.

Ciki da abinci. Giya tana ƙona bangon tumbi, tana tsananta gyambon ciki. Tana kumbura fankiriyas, gaɓar da take bayan tumbi wadda take yin insulin da ruwan narkar da abinci, abin da yake kawo ciwon ciki mai tsanani, daga baya har da ciwon suga. Mashayi yakan rage cin abinci, hanjinsa kuma ba ya tsotsar bitamin B1 yadda ya kamata. Rashin wannan bitamin yana taɓa ƙwaƙwalwa: rikicewa, tafiya ba daidai ba, da mantuwar da in an makara ba ta warkewa. Jijiyoyin ƙafa ma sukan mutu, mutum ya riƙa jin zafi ko kamar ana tsira masa allura.

Garkuwar jiki. Masu sha da yawa sun fi sauran mutane kamuwa da tarin fuka kusan ninki uku. Mai shan maganin tarin fuka ko na cuta mai karya garkuwar jiki, giya tana sa shi tsallake magani, tana kuma ƙara wa hanta nauyin da magungunan suka riga suka ɗora mata.

Hankali da barci. Mutane da yawa suna sha don su manta da damuwa ko su sami barci. Giya tana kawo barci da wuri amma tana yanke shi da tsakar dare, kuma tana zurfafa baƙin ciki da fargaba. Tana cikin manyan abubuwan da suke tura mutum ga kashe kansa. In mashayi ya ce mana ya gaji da rayuwa, mu ɗauki maganar da nauyi.

Mace mai ciki, mai goyo da matasa

Giyar da mai ciki ta sha tana bi ta mabiyiya ta shiga jinin ɗan tayi, wanda hantarsa ba ta iya kawar da ita ba tukuna. Wani likitan yara na Faransa, Paul Lemoine, ya bayyana sakamakon a 1968, sa'an nan a 1973 Kenneth Jones da David Smith na Jami'ar Washinton a Amurka suka ba ciwon suna. Yaron yakan zo da ƙarancin nauyi, ƙaramin kai, da wahalar koyo da natsuwa har tsawon ransa. Babu watan da giya ba ta da haɗari a cikinsa, babu kuma awon da aka sani mai lafiya ne. Giya tana shiga ruwan nono ma, kuma ba ta ƙara shi kamar yadda wasu suke zato. Wannan koyarwa ce da ta dace da shawarar kafin aure da tarurrukan zumuntar mata. Mu yi ta da taushi, domin uwar da ta sha cikin rashin sani tana bukatar taimako don yaronta.

Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama girma sai wajen shekara 25. Wanda ya fara sha kafin ya kai 15 ya fi wanda ya fara da girma haɗarin zama bawan giya. Barasar leda ta sauƙaƙa wannan, domin tana da arha, tana kuma ɓoyuwa cikin aljihun ɗan makaranta. Wannan na cikin dalilan da hukumar NAFDAC ta bayar a Fabrairu 2024 sa'ad da ta sanar da hana barasar leda da ta kwalaben da ba su kai mililita 200 ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka malaman makarantar Lahadi da shugabannin matasa su ma suna bukatar wannan darasi.

Yadda jiki yake sabawa, da haɗarin dainawa farat ɗaya

Wannan sashe ne ya fi shafar aikinmu kai tsaye. Ƙwaƙwalwa tana da sinadaran da suke kwantar da ita da waɗanda suke zaburar da ita, a daidaice. Giya tana ƙarfafa masu kwantarwa. In ana sha kowace rana, ƙwaƙwalwa takan gyara zama: ta rage nata masu kwantarwa, ta ƙara masu zaburarwa. Shi ya sa kwalba biyu da take bugar da mutum bara ba ta yi masa kome bana. Mutane suna kiran wannan ƙarfin kai, alhali alamar ciwo ce. Gado ma yana da hannu, domin bincike ya nuna kusan rabin haɗarin kamuwa da jarabar giya daga halitta yake zuwa.

In irin wannan mutum ya daina sha farat ɗaya, masu zaburarwa sai su rasa abin da yake danne su. Cikin awa 6 zuwa 24 hannu ya fara karkarwa, ga gumi, tashin zuciya, fargaba da rashin barci. Cikin kwana biyu na farko yana iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. A rana ta biyu zuwa ta huɗu wasu sukan shiga mataki mafi muni: zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, rikicewa, da ganin ƙwari, macizai ko mutanen da babu su. Kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na masu wannan hali ne suke kai wa nan, amma in ba a yi magani ba yana kashewa.

Mu dubi yadda wannan yake faruwa a ikkilisiya. Mutum ya fito gaba a taron farkawa ranar Lahadi, ya yi alkawari da hawaye ba zai ƙara sha ba. Ranar Laraba aka kira fasto, ga shi yana ihu yana cewa wasu abubuwa suna binsa. In aka ɗauka miyagun ruhohi ne kaɗai, aka kulle shi a ɗaki ko aka sa shi azumi ba ci ba sha, ana iya rasa shi cikin dare ɗaya. Mu yi addu'a, amma mu yi ta a kan hanyar asibiti. A can likita zai ba shi magani mai kwantar da jijiyoyi wanda ake ragewa a hankali, da bitamin B1, da ƙarin ruwa, yawanci cikin mako guda haɗarin ya wuce.

Saboda haka in mai sha kullum ya ce mana zai daina, mu tambaye shi: "Ɗan'uwa, in ka kwana ba ka sha ba, hannunka yana rawa? Kana sha da safe don jikinka ya daidaita? Ka taɓa faɗuwa kana jijjiga bayan ka daina?" In ya amsa da i ga ko ɗaya, ya ga likita a ranar, kada ya yanke shi kaɗai a gida.

Maganganun da za mu ji

Za a ce mana giya kaɗan tana da amfani ga zuciya. An daɗe ana faɗin haka, amma binciken baya-bayan nan ya nuna tsofaffin nazarce-nazarcen sun haɗa waɗanda suka daina sha saboda rashin lafiya cikin marasa sha, sai masu sha kaɗan suka fito kamar sun fi lafiya. Babu hukumar lafiya da take ba wanda ba ya sha shawara ya fara don zuciyarsa.

Za a ce baƙar giya tana ƙara jini, ko jiƙon sassaƙe cikin ogogoro yana maganin basir, taifot da ciwon baya. Giya ba ta maganin ko ɗaya daga cikinsu, tana dusashe jin ciwo ne na ɗan lokaci, ciwon yana ci gaba.

Za a kuma kawo mana 1 Timoti 5:23, inda Bulus ya ba Timoti shawara game da cikinsa. Mu nuna cewa magana ce ga mutum ɗaya mai laulayi, a zamanin da babu magungunan da muke da su yau, kuma ɗan kaɗan aka ambata. Wanda yake da gyambon ciki a yau, giya ƙara masa ciwo za ta yi. Mu kuma karanta tare da shi Karin Magana 23:29-35, inda aka zana jan ido, raunukan da ba a san sanadinsu ba, gane-gane, da komawa neman sha da farkawa. Likita zai gane kowace alama a wurin.

Aikin mai hidima

Na farko, mu iya tambaya. Wani likita a Amurka, John Ewing, ya tsara tambayoyi huɗu da ake amfani da su a asibitoci: ko mutum ya taɓa jin ya kamata ya rage sha, ko yana jin haushi in an yi masa magana a kai, ko yana jin laifi saboda shansa, ko yana sha da sassafe. In biyu sun zama i, akwai bukatar a duba shi sosai. Mu yi tambayar a keɓe, sa'ad da mutumin yake cikin hayyacinsa, mu kuma riƙe asirinsa.

Na biyu, mu san inda za mu tura mutum tun kafin bukata ta taso. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, asibitocin koyarwa kamar na Jos ma suna da sashen wannan aiki. Akwai magungunan da likita yake bayarwa don rage sha'awar giya. Ma'aikatan jinya da suke cikin ikkilisiyarmu za su iya nuna mana hanya mafi kusa.

Na uku, mu tsare iyali. In akwai dūka a gida, lafiyar matar da yaran ita ce farko, kada mu tura su su koma da kalmar haƙuri kaɗai.

Na huɗu, mu shirya wa doguwar tafiya. Komawa sha bayan an daina abu ne da yake faruwa da yawa, kuma ba ya nufin maganin ya kasa. Mai dainawa yana bukatar abokai sababbi da abin yi a sa'o'in da ya saba zama a mashaya. Ikkilisiya ta daɗe a wannan aiki: a 1877 wani fasto, Louis-Lucien Rochat, ya kafa ƙungiyar Blue Cross a birnin Jeniba, inda masu bi suke barin giya don su tsaya tare da masu fama da ita. Kowace ikkilisiya tana iya samun mutum biyu ko uku da za su riƙa ziyartar ɗan'uwa kowane mako.

Kammalawa

Mu ba mutane labari mai ƙarfafawa, domin gaskiya ne. Cikin makonni bayan dainawa hawan jini yana sauka, barci yana gyaruwa, kitsen hanta yana raguwa, haɗarin wasu cututtukan daji ma yana ja da baya da shekaru. Ko wanda hantarsa ta riga ta taurare yana amfana. Aikinmu shi ne mu koyar kafin a fara sha, mu gane alamu da wuri, mu kuma raka mai dainawa zuwa wurin likita, mu ci gaba da zuwa gidansa bayan an sallame shi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne irin giya ake sha a yankin da kake hidima, kuma awo nawa ne a cikin abin da mutum yake sha a zama ɗaya?
2. Wani ɗan'uwa da ya daina sha kwana uku da suka wuce ya fara gane-gane, iyalinsa suna so a yi masa azumi da addu'ar dare. Me za ka faɗa musu, me kuma za ka yi?
3. Ta yaya za a koyar da haɗarin giya ga mai ciki ba tare da an kunyata kowa ba?
4. Wane asibiti ne mafi kusa da ikkilisiyarka da zai karɓi mai son daina sha, kuma wa zai raka shi?